Gwaggo Tsohuwa Mai Rowar Wuta

A garin Tsiga, can zamanin da ake rufe ƙofar ganuwa tun rana ba ta gama faɗuwa ba, an yi wata mata da ake kira Gwaggo Tsohuwa. Kada ka ce shekaru ne suka ba ta sunan. Tun tana bayan uwarta ake kiranta haka, don sunan kakarta ta ci, ba kuwa mai iya buɗe baki a gidan ya ambaci sunan gatsau. Gajeruwa ce, baƙa, mai kaurin murya, in tana tafiya sai ka ce ta bar tukunya a kan wuta. Sau da yawa kuwa ta bari ɗin.

Ba haifaffiyar garin ba ce. A wata unguwar Maguzawa wajen Danja aka haife ta, gidan manoma masu rumbuna da awaki. Uwarta giya take dafawa, mai dafa giya kuwa ba ta ƙoshi da itace, ba ta ƙoshi da ruwa. To wa zai ɗauko? Tsohuwa. Daji da nisa, rafi da nisa, yarinya ta sha gammo har gashin tsakiyar kanta ya zube bai sake fitowa da kirki ba. Tun daga nan ba ta iya kallon itace yana ci a banza. In ta ga harshen wuta ya fito gefen tukunya yana lasar iska, wuyanta ne ke fara yi mata ciwo.

Wani mai fataucin auduga, Gwadabe, shi ya gan ta a kasuwar Danja, ya nace har aka ba shi. Ta musulunta, liman ya raɗa mata Barakatu, amma sunan bai zauna a bakin mutane ba. Ta tare a Tsiga, ta haifi 'ya'ya, wasu suka koma, wasu suka rayu. Gwadabe ya rasu ya bar ta da gida da gonar dawa da babban ɗansu Isyaku. Salla ba ta wuce ta, azumi ba ya wuce ta, amma duk da haka in an so a tsokane ta sai a tuna mata inda ta fito.

Abin da ya fitar da sunanta a unguwa dai shi ne rowar wuta. Ba rowar abinci ba, a'a, Allah ya sani, tuwon Tsohuwa ba wanda bai ci ba a unguwar nan. Wuta ce da ruwa ba ta wasa da su. A wancan zamani in wutarki ta mutu, sai ki ɗauki tsingaro ki shiga maƙwabta ki ɗebo garwashi. To shiga gidan Tsohuwa ɗiban wuta sai mai ƙarfin hali. Za ta tona toka, ta zaɓo miki garwashi guda kamar ƙwayar gujiya, sannan ta tsare ki da tambaya: "Wane irin barci kika yi har taki ta mutu? Toka ce ta ƙare a gidanku?" Ita tata ba ta mutuwa. Da ta sauke tukunya za ta zare bakin wuta ta soka a yashi, ta binne garwashin da toka, gobe da safe ta tono shi jajir.

Wake ba ya hawa murhunta sai ya kwana a ruwa da 'yar kanwa. Tukunya ba ta zama baki buɗe. Soshiyar dawa, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, busasshen kashin shanun Fulani da suka kwana a gona, duk abin da wasu ke sharewa su zubar, ita a bayan rumbu take tara shi. Ruwa kuwa sai ya yi aiki biyu kafin ya taɓa ƙasa. Ƙasarin wankin hatsi na awaki ne, ruwan wanke ƙwarya na gindin kabewa da lalle, alwala ma a gindin barkono take yinta. Fitila da an gama cin tuwo take hure ta, wai ai hira ba da ido ake yinta ba.

Maƙwabciyarta Sakinatu, wadda danga kawai ta raba su, ita ce akasin wannan hali. Doguwa ce, mai fara'a, mai sakin hannu, in ta hura wuta har daga ƙofar gari ana hango hayaƙin. Sun yi shekara da shekaru suna yi wa juna tsiya ta kan danga.

"Tsohuwa, yau ma da 'yan ƙiraren nan za ki tuƙa? Ki ji tsoron Allah, ɗanyen tuwo za ki ba yara!"

"Aiko da akushi ki ɗanɗana. Ke kuwa me kike dafawa da wannan gobarar, tukunya ko sararin sama?"

Su yi dariya, kowa ta koma kan abin da ta saba. 'Ya'yansu, Isyaku da Rabe, tare suka tashi, tare aka yi musu kaciya, kaka ɗaya suka yi aure. Isyaku ya auro Lauratu daga Bakori, Rabe ya auro Bilki daga wajen Malumfashi. Matan ma kamar sun haɗa baki suka ɗauki ciki, Lauratu a gaba, Bilki na biye da ita ba nisa. Bisa al'ada haihuwar fari a gidan iyaye ake yinta, amma tun kaka hanyoyi suka lalace da mahara, iyayen duka biyun suka aiko cewa kowace ta zauna inda take.

Kowa ya san abin da ke kan namiji in matarsa ta yi nauyi: itacen jego. Mace in ta haihu, kwana arba'in za ta yi tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, ana tsoma ganyen runhu ana fyaɗa mata a jiki, ta sha kunun kanwa da zafinsa, ta kwanta a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. In aka yi sakaci sanyi ya shige ta, sai kumburi, sai abin da Allah ya yi. Haka kowa ya yarda, ba kuwa mai gwada akasin haka a kan 'yar mutane. Wankan nan yana cin itace ci na fitar hankali, shi ya sa miji ke fara tari tun ciki bai fito sosai ba. Kuma da girman tarin ake auna shi. Mata in sun zo wucewa sai su leƙa su ce, "Kai, wane ya iya riƙon mata!"

Nan samarin nan biyu suka yi wauta irin ta ƙuruciya. Suka shiga gasa. Maimakon su saro su faskara su jera a inuwa, sai suka riƙa zaɓo gungume dogaye miƙaƙƙu, na marke da na ƙirya, suna jingina su a tsaye a ƙofar gida don mai wucewa ya gani ya yaba. Tsohuwa ta ga abin bai yi mata ba. Sai dai Isyaku ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido. Kunyar da ta tarar ke nan, ta kuma riƙe ta da kyau. In tana da magana da shi, akwai wata jar akuya a gidan, ita take gaya wa.

"Ke Ja," ta ce da akuyar wata rana tana zuba mata dusa, Isyaku na zaune yana ji, "itacen da ba a faskara ba ai ado ne. Mu dai ba mu taɓa ganin an yi wanka da ado ba."

Isyaku ya yi murmushi, ya ce a ransa tsofaffi ke nan. Bai faskara ba.

Rani ya shigo da mugun labari. Mahara daga arewa, mayaƙan Maraɗi, suka yawaita a dazukan yankin, suna kwashe mutane a gona da bakin rafi, wanda aka tafi da shi kuwa sai dai a ji an sayar da shi wata ƙasa. Ga shi damina ta zubar da wani gefe na ganuwar Tsiga ba a gyara ba. Mai gari ya sa aka yi shela cewa a toshe gurbin da kafi a ranar, gini ya biyo baya. Aka bazu neman itace dogo mai ƙarfi. Ina za a same shi? Ga shi nan a tsaye a ƙofar gida biyu, an jera kamar don haka aka tanada! Kafin la'asar an kwashe. Faskararre kuwa ba wanda ya taɓa a duk garin, don ba ya kafuwa. Isyaku ya tsaya yana kallon 'yan guntayen da suka rage masa, abin da ko rabin arba'in ba zai kai ba. Ba halin ya hana, garin ake tsarewa, har da matarsa a ciki.

Ba a jima ba Lauratu ta sauka lafiya, ta sami ɗiya mace. Murna ta zo da damuwa. An hana zuwa daji, ƙofar gari ba a buɗe ta sai rana ta ɗaga. Rafi na waje, rijiyoyin cikin gari sun ja baya har sai da aka ƙara wa guga igiya, mata na cunkoso a bakinsu tun safe. Ungozoma ta dubi itacen, ta dubi Isyaku, ta taɓe baki. Shi kuwa ya faɗa a gaban kowa, da ƙarfi don uwarsa ta ji:

"Ranar da itacen nan ya ƙare zan ɗauki gatari in fita. Ba za a ce 'yar mutane ta kumbura a hannuna ba."

Tsohuwa ta ji shi sarai. Ta san ɗanta, in ya faɗi abu sai ya yi. Ba za ta kuma ce a rage wa Lauratu wanka ba, yarinyar da aka ba su amana, mai ladabi, wadda ke kiranta Inna tun ranar da ta shigo gidan. Abu ɗaya ya rage mata: itacen nan kada ya ƙare.

Washegari ta ɗauki fartanya ta saro ƙasar suri a bayan gida, ta kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa da ruwan da aka yi wankan farko da shi. Ta gina wani abu dogo a jikin ɗakin Lauratu, kamar komin shayar da dabbobi a kife, rufe ta ko'ina. Bakin sa itace guda ne ƙarami a gaba, a sama ramuka uku a jere, sai 'yar kafar hayaƙi a ƙarshe. Da ya sha rana ya bushe, ta zaunar da babbar tukunyar wanka a ramin farko, ta tuwo a na biyu, ta kunu a na uku, ta bi gefensu da laka ta liƙe. Wuta ɗaya ce, ba kuma inda za ta tsere, dole ta bi ƙarƙashin tukwanen duka kafin ta ga waje.

Sakinatu ta leƙo ta kan danga, ta kama baki.

"La'ilaha illallahu! Tsohuwa, ba murhun giya nake gani ba? Irin na gidanku?"

"Shi ne. A gindinsa na girma."

"A gidan Musulmi? A jegon jikarki?"

"Ruwa zan dafa, Sakinatu. In kin ji warin giya ki kai ƙarata wurin liman."

Maganar ta zaga unguwa, aka yi ta dariya, wasu suka ce ashe tsohon hali na nan. Abin ya yi wa Tsohuwa ciwo, kada ka ce bai yi ba. Shekarunta nawa a garin nan tana sa goshi a ƙasa tare da su, amma 'yar laka ta isa a mayar da ita baƙuwa. Ta haɗiye, don ba ta da lokacin fushi.

Tun da hantsi take jera baƙaƙen tuluna a rana, kafin la'asar ruwan ya yi ɗumi, wuta ƙarasawa kawai za ta yi. Na safe kuwa a tukunyar yake kwana a rufe bisa murhu mai sauran zafi. Guntun gungume ɗaya take sakawa, ta riƙa tallafa masa da soshiya da kashin shanu da ɓawon gyaɗan nan da aka daɗe ana yi mata dariya a kansu. Garwashin da ya rage ta kwashe a kasko ta kai ƙarƙashin gadon mai jego. A wurin wanka ta kafa faffaɗan dutse a karkace, ta binne kwatanniya a ƙarshensa, ruwan ya riƙa taruwa a ciki. Da shi ake wankin tsummokin jaririya, abin da ya saura a ba barkono. Ungozoma ta zo da niyyar kushewa, ta tsoma yatsa a tukunya, ta fizge da sauri tana yarfe hannu. Ta ce, "To, ruwa dai ya yi."

Lauratu ba makauniya ba ce. Tana ganin yadda surukarta ke komawa rijiya sau da yawa a yini, tana kuma ganin mijinta kullum sai ya zagaya bayan ɗaki ya dubi itace ya dawo fuska a murtuke. Wata rana ana fyaɗa mata ganye ta ce a hankali, "Inna, da an bar na yamma. Ni ina jin ƙarfi, wallahi. Na safe ma ya isa."

Tsohuwa ta tsoma ganyen ta ɗaga. "Rufe mini baki! Uwarki na Bakori tana barci don ta san kina hannuna. Juya bayanki."

Ana haka kara ya fara ƙarewa a gidaje, don mafi yawansa a gonaki aka baro shi. Wata maƙwabciya ta shigo ɗiban wuta, ta ga ramin tsakiya ba komai, ta yi ta kame-kame, can ta ce ko za a bari ta ɗora 'yar tukunyar miyarta. Tsohuwa ta ce, "Ɗora. Gobe ki zo da kara ko yaya yake." Kafin kasuwa ta zagayo matan unguwa da dama ke girki a gidan bi da bi, kowace da ɗan abin da za ta jefa a wuta, wutar kuwa duk ta ƙarƙashin ruwan Lauratu take fara bi. Su ma sun huta, karan da zai yi musu kwana ɗaya ya koma yin uku. Masu cewa murhun giya su ne suka koma cewa, "Gwaggo, Allah ya saka da alheri, Allah ya bar mana ke." Ita kuwa ba ta fasa hali ba, duk wadda ta bar tukunya baki buɗe sai ta ji a kunnenta.

Sakinatu ce kawai ba ta shigo ba. Tsohuwa ta same ta har gida. Bilki ta yi nauyi ƙwarai, 'yan guntayen itacen Rabe kuwa har an fara taɓa su don girki.

"Ki bari in gina miki irinsa tun yarinyar nan ba ta sauka ba. Ko kuwa in ta sauka a riƙa dafa ruwan a wurina."

Sakinatu ba muguwa ba ce. Girman kai ne irin na mai kyauta, wadda ta saba bayarwa ba ta saba karɓa ba. Ta ce, "Jikan fari, a ce a gidan maƙwabta aka dafa ruwan uwarsa? Dangin Bilki su ji su ce ɗana ya kasa? Haba! Rabe namiji ne, zai nemo."

Aka yi kwanaki ba a ji ɗuriyar mahara ba. Wasu fatake suka shigo daga wajen Bakori lafiya lau, samari suka fara cewa ai an tafi. Wata rana da yamma Rabe ya shigo, ya durƙusa ya gaida Tsohuwa, ya ja Isyaku zaure. Muryarsa irin ta uwarsa ce, ba ta ɓoyuwa. Gobe da an buɗe ƙofa za su fita su 'yan kaɗan da jakuna, kurmin bakin rafi kawai, kafin rana ta take sun dawo. Isyaku ya amsa. Yaya zai ƙi? Amininsa ne, shi kansa kuma in ya dubi abin da ya rage a bayan ɗaki bai yarda zai kai arba'in ba. Bai taɓa ganin an yi jego da itace kaɗan haka ba.

Da safe ya dawo daga masallaci ya nufi inda yake rataye gatari. Wayam! Ya duba bayan rumbu, ya duba zaure. Sai ya hango uwarsa a tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma a inda ba ta saba zama ba, tana kaɗi, ƙotar gatarin ta leƙo ta ƙarƙashin tabarmar. A kansa take zaune daram.

To fa! Ta yaya ɗa zai ce wa uwarsa tashi, balle ɗan fari? Ya durƙusa nesa kaɗan.

"Gwaggo, ina kwana."

Ta amsa tana kallon mazarinta. "Lafiya lau."

"Gwaggo, ana jirana."

Ta juya wajen akuya. "Ke Ja, ni na san abin da ke bayan ɗakin nan, ni nake saka shi a wuta. Zai kai, har ya yi saura. Wanda bai yarda ba ya zauna ya gani."

"Na riga na yi wa Rabe alkawari. Da wane ido zan dube shi?"

"Ja, ƙafafuna ciwo suke yi yau. Ba na jin zan iya tashi kafin azahar."

Rabe ya yi sallama daga zaure, ya kira, ya sake kira. Isyaku ya fita ya dawo, gumi na keto masa. Ya yi tunanin aro, amma kowane gatari a unguwar yana kafaɗar mai shi, ko ya samu ma, fita bayan uwa ta yi irin wannan zama ba ƙaramin abu ba ne. Rabe ya leƙo ya ga yadda ake ciki, ya tuntsire da dariya.

"Gwaggo ta kama ka! Zauna abinka, angon ƙarni, zan saro har da naka."

Tsohuwa ta ɗaga murya, don shi ba ta jin kunyarsa. "Rabe, don Allah kai ma ka zauna. Ruwan Bilki a wuyana."

"Yanzu za ki gan mu, Gwaggo," in ji shi, ya kaɗa jakinsa ya tafi.

Isyaku ya shige zaure ya zauna yana huci, ko kunu ya ƙi sha. Ita kuwa tana nan a kan gatari, zare sai tsinkewa yake yi a hannunta.

Rana ba ta kai tsaka ba aka ji kururuwa daga kan ganuwa, aka buga ganga, gari ya yamutse. Biyu daga cikin samarin suka faɗo ƙofa da gudu, ba jaki ba gatari, ɗaya da sara a kafaɗa. Ashe mahara na kwance a kurmin tun jiya. Sauran an ɗaure su an yi arewa da su, har da Rabe.

Kukan Sakinatu ya cika unguwa. Tsohuwa ta so ta tashi, ƙafafun da ta yi wa ƙarya suka ƙi ɗaukarta da gaske. Raben nan a hannunta ya ci tuwo tun yana rarrafe. Ta yi kuka mai yawa, ba ta kuma ce wa kowa "ai na faɗa" ba, har ta koma ga Allah ba a ji wannan kalma a bakinta ba.

Da la'asar ta share ido ta hura wuta, don wankan yamma ba ya jira. Tana gaban murhu Isyaku ya zo ya durƙusa, idanunsa jajir. Can ya ce, "Gwaggo, da yanzu ina cikin igiya." Ya sunkuyar da kai har kusa da ƙasa. "Allah ya biya ki. Ni ba ni da abin biyanki." Ba ta dube shi ba, kunya ta hana, amma ta miƙa hannu ta dafa kansa, abin da ba ta yi ba tun yana goye. Lauratu na bakin ƙofar ɗaki da jaririya a ƙirji, tana hawaye tana cewa, "Inna, Inna."

Aka yi arba'in lafiya. Lauratu ta fito fes, ta yi ƙiba, ba kumburi ba tari. A bayan ɗaki kuwa ga guntayen gungume sun yi saura, ba su da yawa amma suna nan. Rabe bai dawo ba. An bi sawu, an roƙi fatake su tambaya har Maraɗi, an tanadi abin fansa, shiru. Tsohuwa ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, har ta goya 'ya'yan jaririyar nan, amma ba a sake jin labarinsa ba.

Kwana kaɗan da fitar Lauratu, da hantsi, aka ji kukan jariri a gidan Sakinatu. Bilki ta haifi namiji. Gida ba miji, ba itace, ruwa tulu ɗaya. Ba wanda ya aiko, Tsohuwa ba ta kuma jira aike ba.

Sakinatu na zaune gaban duwatsun murhunta, toka ta yi sanyi, ta rame har ba ka cewa ita ce. Ta ɗaga kai ta ga Tsohuwa ta shigo da masakin ruwa yana tururi, Isyaku na biye da sauran itacen jegon matarsa a kafaɗa, Lauratu da kwandon kwaɓaɓɓiyar laka, bayansu matan nan masu girki kowace da rungumen kara. Ta buɗe baki ta ce:

"Tsohuwa, da na ji maganarki, da yanzu..."

"Ba yau ba, Sakinatu. Ruwa na hucewa, yarinya na jira. Na yau da na gobe daga wurina za a kawo kafin murhunki ya bushe. Nuna mini inda za a gina."

Sakinatu ta dube ta, ta dubi itacen da Isyaku ya sauke a hankali a tsakar gida. Ta tashi da kyar, ta sunkuya ta ɗauke duwatsun murhunta ɗaya bayan ɗaya ta kai gefe. Sannan ta gyara ɗaurin zane, ta durƙusa kusa da Tsohuwa, ta tsoma hannu biyu cikin lakar.